Zuwa Kure Ganin Raƙuman Dawa: Jagora Daga Wanda Sau Huɗu Suna Kuɓuce Masa

Na haura shekara ashirin a Yamai, kuma da wuya Sallah ta zo ban kama hanyar Doso zuwa gida Tawa ba. Allah kaɗai ya san sau nawa na ratsa Kure. Amma raƙuman dawan nan da mutane suka sha biyan kuɗin jirgi daga Turai su taho gani, waɗanda ke wajen kilomita 60 daga ƙofar gidana, sai da furfura ta fara leƙowa a gemuna sannan na sa su a ido.

Ba niyya na rasa ba. Muna jami'a 'yan ajinmu suka yi karo-karo suka ɗauki mota, ranar tafiya masassara ta kwantar da ni. Wata shekara ina dawowa daga Tawa cikin bas, barci ya sace ni bayan Birnin Gaure. Ihun fasinjoji ya tashe ni, "Ga su! Ga su!", kafin in murje ido mun wuce. Tsohuwar da ke gefena ta ce, "Ɗana, har uku, da ɗan ƙaraminsu," ita a ganinta labari mai daɗi take ba ni. Na uku laifina ne: na ari motar abokina a watan Afrilu, da rana tsaka, ba ɗan jagora, na yi ta kai da kawowa a bakin gudro, wato titin kwalta, ina leƙen itatuwa har ruwan shana ya ƙare. Na huɗu kuwa ba shi da daɗin tunawa. Mun sa rana cikin watan Agusta na 2020, sai aka kai harin ranar 9 ga wata, aka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da 'yan ƙasarmu biyu, direbansu da ɗan jagora. Hukuma ta dakatar da shiga wurin, mu ma jikinmu ya yi sanyi.

Sai da na samu zuwa daga baya na gane inda nake kuskure tun can. Ina ɗaukar su tamkar raƙumin da aka ɗaure a turke a bakin hanya, duk ranar da na ga dama in tarar da shi yana tuƙa. Alhali dabbobi ne masu tafiyarsu, masu bin abinci daga tudu zuwa kwari, a ƙasar da ba shinge ba ƙofa. Wanda ya fahimci wannan ya yi rabin shiri.

Ka fara sanin wa za ka gani

Kure ba gidan kallo na Bubu Hama ba ne, inda za ka biya a ƙofa ka tarar da zaki cikin keji. Ƙauyuka ne da gonaki da makiyaya, a gundumar Kollo ta jihar Tillaberi, raƙuman suna yawo a tsakaninsu. Su da waɗanda aka ɗiba daga cikinsu ne kaɗai suka rage na irin raƙumin dawan Afirka ta Yamma. A da ana samun su tun daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da sare daji da fari na shekarun 1970 da 1980 suka share su ƙasa bayan ƙasa. A 1996 da aka ƙidaya, 49 suka rage a duniya baki ɗaya, dukkansu a nan. Aka hana farautarsu, aka tsaya kan kiyaye su, har zuwa 2018 suka haura 600. A watan Nuwamba na shekarar aka ɗebi takwas cikin manyan motoci aka kai su gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 800, don kada a tara su wuri ɗaya wata annoba ta zo ta gama da su.

Wani abin da ya ba ni mamaki: binciken da aka yi a 2007 ya nuna waɗanda ke gidajen namun daji na Turai, da ake zaton irin namu ne, ashe irin Kordofan ne. Ke nan wanda ke son ganin wannan farin raƙumin dawa mai ɗige-ɗige launin ƙasa-ƙasa, sai dai ya zo Nijar. Mu kuwa muna wucewa muna barci cikin bas.

Kafin komai, tambayi hanya

Wannan mataki ba a tsallake shi. Bayan harin 2020 an sa yankin cikin dokar ta-ɓaci, kuma sha'anin tsaro a jihar Tillaberi yakan sauya daga wata zuwa wata. Labarin bara ba ya yi maka amfani bana. Kwana biyu ko uku kafin tafiya ka sami lambar 'yan jagoran Kure ka buga musu, ka fara tambayar ko hukuma na barin a shiga wurin yanzu. Su ke kwana su tashi a can. Ka leƙa tashar Wadata ka ji ta bakin direbobin da ke zuwa Doso kullum. In kana da ɗan'uwa jandarma ko ma'aikacin gandun daji, shi ma ka tuntuɓe shi. Idan ɗaya daga cikinsu ya ce a dakata, ka dakata, ko da ka riga ka cika tanki da mai. Raƙuman da suka tsira daga 49 ba za su ƙare cikin wata ɗaya ba.

In kana da baƙo ɗan ƙasar waje, musamman Bature, kada ka sa shi a mota haka kawai don kara. Fitarsa bayan Yamai tana da ƙa'idojinta na izini da rakiya, sai ka bi ta wurin hukuma. Kada kuma ka tafi kan babur, don an sha hana zirga-zirgar babura a sassan jihar. Batun shelar tafiya a Facebook ko WhatsApp, bar shi sai ka dawo.

Zaɓen lokaci: ka bi gawo

A nan yawancin mutane ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Raƙuman Kure suna da masauki biyu a shekara.

Da damina, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, suna hawowa tudun Kure. Daji ne mai ban sha'awa: itatuwa layi-layi, tsakanin kowane layi da ɗan'uwansa fili ne fetal mai jan tsakuwa. Ruwan sama in ya zuba a filin ba ya nutsewa, sai ya gangara ya taru a gindin layin itatuwan, su sha. Sabara da geza da taramniya duk sukan yi ganye shar, raƙuman su baje suna kiwo, wani lokaci daf da gudro. Waɗanda fasinjojin bas ɗinmu suka gani ke nan.

Da rani ya kama, tudun ya bushe, sai su gangara Dallol Boso, wato kwarin nan na Boboye, wajejen Harikanasu. Dalili gawo ne. Kowane ɗan ƙauye ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowace itaciya ke ado, shi kakkaɓe ganyensa yake ya tsaya tsirara, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi kore ya zuba 'ya'ya. A kwarin ruwa na kusa da ƙasa, gawo ya yi yawa cikin gonaki, ga aduwa, ga sauran itatuwan ƙaya. Ranar da na je a Afrilu ina dube-dube a kan tudu, su suna can ƙasa cikin inuwar gawo. Ni da su ko hanya ba mu haɗa ba.

To wane lokaci ya fi? In ka tambaye ni, ƙarshen damina zuwa farkon kaka. Daji bai bushe ba, sama ta washe, laka ta ragu, raƙuman ba su yi nisa ba. Tsakiyar damina ma ana ganinsu da sauƙi, sai dai ruwan dare ɗaya kan mai da hanyar daji taɓo, ga shuka ko'ina mota ba ta da wurin ratsewa. Da hunturu, Disamba da Janairu, jiki zai ji daɗi, amma hazo kan dusashe hoto, tafiyar kuma ta ƙaru. Afrilu da Mayu kuwa, zafi na haura digiri 40. In ba dole ba, kada ka kai yara.

Kowane wata ka zaɓa, da sanyin safiya ake kama fara. Da safe raƙuman na tsaye suna ci, ana hango kawunansu sama da itatuwa. In rana ta take sai su shige inuwa su yi tsit, kuma za ka sha mamakin yadda dabba mai tsawon mita biyar ke ɓacewa a bayan itaciya ɗaya.

Mota, abokan tafiya da sa rana

Katkat, wato mota mai jan ƙafa huɗu, ta fi, musamman da damina ko in za a gangara kwari inda rairayi ke da zurfi. Ƙaramar mota ma takan yi in ƙasa ta bushe kuma direban ya san hannunsa, amma ka faɗa wa 'yan jagora irin motarka tun a waya, su gaya maka gaskiya. Ana iya shiga motar haya mai zuwa Doso a sauka a Kure, sai dai daga nan kafarka ce motarka, kuma raƙuman na iya kasancewa kilomita da yawa cikin daji. Ban ba ka shawarar haka ba.

Ku haɗu gida biyu ko uku ku raba kuɗin mai. Ku bar kujera ɗaya ba kowa, ta ɗan jagora ce. Mu mun manta, ƙaramin ɗana ya ƙare a cinyar kawunsa.

Sai babban abu: a sa rana, a karɓi kuɗin kowa tun da wuri. "In sha Allahu wani Lahadin" shi ya cinye mini shekaru. Ko yaushe akwai suna, akwai ɗaurin aure, akwai gaisuwar mutuwa, kuma raƙumin dawa ba ya fushi in an ɗaga masa rana, don haka kullum shi ake ɗagawa. Wannan karon maiɗakina ce ta karɓe kuɗin ta ƙulle a bakin zane ta ce, "Malam, wanda ya fasa, kuɗinsa ya zama na mai." Ba wanda ya fasa.

Guzuri

Katin ɗan ƙasa na kowa, da takardun mota cif: parmi (lasisin tuƙi), kart-giriz (takardar rajistar mota), asirans (inshora). Ruwan sha fiye da yadda kake zato, tayar safaya mai iska, shebur in da hali. Takalmi rufaffe, don ƙarangiya da ƙayar aduwa ba su san silifas ba. Hula ko malfa. Kuɗi a hannu, da canji ƙanana. Waya cike da caji. In wani na da tabaron hangen nesa, a aro. Ka cika tanki tun a Yamai.

Daga Yamai zuwa masaukin 'yan jagora

Ku tashi bayan sallar asuba. Hanyar Doso za ku kama, ku tsaya a shingen jami'an tsaro na bakin gari, ku biya kuɗin hanya. In an tambaye ku ina za ku, ku faɗi gaskiya kai tsaye. Tafiyar kamar awa ɗaya ce. Da kun kusa Kure direba ya sassauta ƙafa, don raƙuman na tsallaka gudro, kuma mota ta sha kashe su.

Lokacin da muka je, masaukin 'yan jagora na nan a gefen hanya. Suna da ƙungiyarsu, a nan ake biyan kuɗin shiga da na ɗan jagora. Ka tambayi farashi dalla-dalla kafin kowa ya hau mota: na mutum nawa, na mota nawa, na jagora nawa. Ka karɓi rasit. Kada ka tsaya dogon ciniki kamar kana sayen atamfa a Babbar Kasuwa. Mutanen nan aikinsu ya ja baya ƙwarai tun da baƙi suka ɗauke ƙafa, kuma ɗaya daga cikinsu ransa ya bari a kan wannan aiki.

Ƙasar Zabarmawa ce, da Fulani makiyaya. Da yawa suna jin Hausa, amma "Fofo" da "Mate ni go?" ba za su rage ka da komai ba, fuska kuwa za ta sake.

Cikin daji: bar ɗan gari ya ja gaba

Da ɗan gari akan ci gari. Namu dattijo ne siriri, ya shiga gaba ya ce da direba, "Bi nan, a hankali." Muka bar gudro muka bi wata 'yar hanyar amalanke. Can ya ce a tsaya, ya sauka ya duƙa yana duban ƙasa. Ya nuna mana sawu, faffaɗa, rabe biyu kamar na saniya amma ya ninka shi, da kashinsu 'yan ƙanana kamar ƙwallon dabino. Ya murje ɗaya da yatsa ya ce, "Na daren jiya ne." Muka ƙara gaba, ya tsai da wani yaro mai kiwon awaki suka yi magana da Zabarmanci, yaron ya nuna gabas da sandarsa. Daga baya ya hau rufin motar ya tsaya yana kare rana da tafin hannu.

A wannan lokaci ne haƙuri ke ƙarewa. Wani ya yi sa'a cikin minti goma, wani sai ya yi awa biyu. Kawu ya fara gunaguni, "Kai, ɗan nan, ka fito da mu yawon ganin sabara?" Kada ka matsa wa ɗan jagora, kada kuma ka ce da direba ya yanke ta cikin gona don a gajarta. Tayar mota ɗaya a kan shukar hatsi ta isa ta ɓata tsakanin manomi da 'yan jagora har shekara.

Sai muka ji an ƙwanƙwasa rufin mota. Ya sauko ya ce, "Malam, kashe injin. Ku sauko, kada a buga ƙofa." Na duba inda yake nunawa, ban ga komai ba sai itatuwa. Sai wani reshe ya juyo ya kalle ni.

In kun yi ido huɗu

Daga nan da ƙafa ake ƙarasawa. Ku bi bayan ɗan jagora, a hankali, murya ƙasa-ƙasa, ku riƙe hannun yara. Kada ku nufe su kai tsaye. A ɗan karkace ake matsawa, ana tafiya ana tsayawa. Raƙuman Kure sun saba da mutane, tun da tare suke rayuwa da manoma, shi ya sa ake iya kusantarsu fiye da yadda za ka zata. Amma sabo ba ya mai da su na gida. In ɗan jagora ya ce nan ne iyaka, nan ne. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada ka tsaya a bayansu. Harbin ƙafarsu na iya kashe zaki. Ba a miƙa musu abinci, ba a jifa don su juyo, ba a bin su da mota don a ga gudunsu.

Shawarata: minti biyar na farko ka bar waya a aljihu. Na ga ƙanena ya ƙare ziyarar duka yana kallon allon waya, sai a gida ya ga abin da ya je gani.

Ga abin da za ka lura da shi. Dubi ƙahonnin nan biyu masu fata: na mace sirara ne da tukkun gashi a sama, na namiji kaurara ne masu sanƙo, don da su yake dukan ɗan'uwansa in suna faɗan wuya. Namiji in ya manyanta launinsa kan ƙara duhu. Dubi harshen, baƙi-baƙi, ya kusa rabin mita, yadda yake naɗe reshe ya zare ganye daga tsakanin ƙaya ba tare da ya ji ciwo ba. Dubi tafiyar: ƙafafun dama biyu tare, na hagu biyu tare, sak irin ta raƙumi, a nan na yarda Bahaushe bai yi kuskuren suna ba. Wuyan nan mai tsawo kuwa gaɓoɓinsa bakwai ne, daidai da naka. Uwa takan yi wata goma sha biyar da ciki, ta haihu a tsaye, jaririn ya faɗo da tsawon da ya kai na babban mutum. Mun ga ɗaya yana leƙe daga bayan uwarsa, ɗan jagora ya ce bai daɗe da zuwa duniya ba, amma ya fi Kawu tsawo. Kawu ya cire hula ya ce, "Tabarakallah," bai ƙara maganar sabara ba.

Ka tambayi ɗan jagora yadda ake ƙidaya su. Zanen jikin kowane raƙumi daban yake, ba biyu da suka yi kama, don haka hoton gefen dama da na hagu ake ɗauka a ajiye, a riƙa gane kowa da zanensa. Namu ya san wasu da ido, har yana faɗin wace ce uwar wace.

Masu gonar

Kafin ku juya, in kun tarar da manomi a kusa, ku gaishe shi, don a gonarsa kuke tsaye. Mu baƙin safiya ɗaya ne, shi kuwa da su yake kwana. Raƙuman na cin wake, suna kai wa mangwaro hannu, har rumbu sukan leƙa, kuma doka ta hana shi taɓa su. Wani dattijo da muka gaisa da shi ya ce mini cikin dariya, "Ku kuna biya ku gan su, ni ina biya su gan ni." Ƙungiyoyin da ke kula da raƙuman sun yi ta ƙoƙarin sassauta wannan da rijiyoyi da ƙananan basussuka ga ƙauyuka, amma wake in an cinye an cinye. In suna sayar da wani abu, ƙwan zabi ne, gyaɗa ce, kaza ce, ka saya, kada ka yi ta ja. Kada a ɗauki hoton mutane, balle mata, sai an nemi izini. Leda da robar ruwa duk su koma mota.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai. A hanya mun yi ta gamuwa da itacen girki jibge a bakin gudro ana jiran motocin Yamai. Dazuzzukan da ke kewaye da birnin, har da irin wannan na layi-layi da raƙuman ke kiwo da damina, su ke hura murhunanmu. Maiɗakina ta daɗe tana maganar mu koma gas, ina cewa tuwon itace ya fi daɗi. Ranar ban ce komai ba.

Komowa

Ku mai da ɗan jagora masaukinsu, ku ƙara masa wani abu bisa abin da kuka biya, ku karɓi lambarsa don wanda zai zo bayanku. Ku bar daji kafin rana ta take, kada kuma yamma ta same ku a can ko da me. Ƙarfe goma sha ɗaya muna kan gudro, azahar a gida muka yi ta.

Sallar da ta biyo baya na sake kama hanyar Tawa cikin bas. Tun daga tasha na roƙi wani saurayi ya bar mini kujerar taga, na ce, "Ɗan'uwa, taimaka, daga Birnin Gaure in ka so mu sauya." Daga shingen bakin gari har muka wuce Kure idona na kan sabara. Ban ga ko ɗaya ba. Watan rani ne, suna can kwari.